Na Kai Matata Teku a Daminar Wasu

Ba zan taɓa mantawa ba da hutun da na zaɓa wa matata da bakina, har ina bugun ƙirji. Ni dillalin motoci ne a Tasawa, daga Kwatano nake ɗauko su, saboda haka a fadarmu ta shan shayi, da zarar an ambaci teku sai kowa ya juyo ya kalle ni. (Tsakani da Allah, sanina da teku bai wuce wanda ake hangowa ta bayan shingen tashar jiragen ruwa ba. Amma wa zai ƙaryata ni? Sauran duk iyakarsu tabkin bayan gari.)

Matata Hadiza malamar lakwal ce, wato makarantar boko. Shekara da shekaru tana zana wa yara teku a allo da shuɗin alli, ita kuwa ba ta taɓa sa shi a ido ba. Burinta guda ne, ta tsoma ƙafarta a ciki, a ɗauke ta hoto, ta kai wa 'yan ajinta. Sai Allah ya kawo hanya. Babban wanta, Yaya Mamman, da ke aikin asibiti a Tunusiya, ya gayyace mu garin da yake zaune, gari na bakin teku mai otal-otal a jere, ga kuma kangayen Rumawa na zamanin da. Ya ce mu zo a babban hutun makaranta, wajen watan Agusta.

Nan na gyara zama. Agusta? Tsakiyar damina? Wane mai hankali ne zai bar gonar gero a ƙauyen Sarkin Hausa tana jiran maimai, ya tafi bakin ruwa ana ruwa? Ai kowa ya san lokacin tafiya bayan kaka ne, an sa hatsi a rumbu, hanya ta bushe, sama fes. Na ce ƙaramin hutun Disamba za mu yi amfani da shi, don na sha zuwa Kwatano a Disamba, gumi nake yi har ta ƙeya.

Hadiza ta kira Yaya ta miƙo mini waya.

"Disamba nan sanyi akai ƙwarai hwa," in ji shi, "kuma lokacin ruwanmu ne."

Ni kuwa sai na yi dariya. Dariya fa, da babban wan matata! Na ce, "Haba Yaya, ruwa a Disamba? Lalle ka daɗe ba ka zo gida ba."

Sai ya ce, "To, Allah shi kawo ku lahiya."

Ranar haɗa kaya na tarar Hadiza ta cusa rigunan sanyi a jaka. Na zare su ɗaya bayan ɗaya, na cike gurbinsu da kilishi da cukun tsaraba. Ni kuma na ɗinka farar shadda mai shara-shara, na sayi takalmi fade da baƙin tabarau. (Tabaran nan har yau yana cikin kwalinsa, in akwai mai so.)

Muna fitowa daga jirgi wata iska ta mare ni, na ji ta har cikin haƙori. Ga Yaya Mamman tsaye da manyan rigunan sanyi biyu a hannu. Hadiza ta fizge tata ko gaisawa ba su gama ba. Ya miƙo mini tawa. Ka ga inda girman kai ke kai mutum: wanda ya yi dariya a waya, da wane ido zai karɓi riga?

"A'a Yaya, bar ta," na ce. "Mu da muka saba da ɗarin Tasawa? Wagga ai iska ce mai daɗi."

Garin da aka yi ta ba mu labari muka same shi kamar kasuwa ranar da ba ta ci. Kujerun bakin ruwa an tara su an ɗaure da sarƙa, rumfuna a naɗe, shagunan tsaraba a rufe, ba kowa sai kyanwoyi. Teku kuwa launin ruwan wanki, yana ta tunkuɗo igiya yana ruri, an kafa jar tuta alamar kada wanda ya kusanto. Ruwan sama ya yi ta zuba kwana da kwanaki. Kullum da safe nakan leƙa taga in ce, "Wanga na wucewa ne."

Ranar da ya ɗan tsagaita, Yaya ya kwashe mu a mota, har da matarsa Anti Zara, zuwa kangayen. Gaskiya wuri ne na kallo: ginshiƙan dutse tsaye ba rufi, matakala, da wani kwarmin dutse da aka ce wurin wankan manyansu ne. Sai shaiɗan ya raya mini cewa ga damar da zan wanke kaina. Na ba Hadiza waya, na ce ta ɗauke ni bidiyo don 'yan fada, na haye kan wani faffaɗan dutse, na buɗe hannuwa.

"Jama'ar Tasawa, ga mu nan bakin..."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Iska ta shige rigata ta kumbura ta, ta ɗauke hulata. Na kai hannu in cafko ta, fade ya zame a kan jiƙaƙƙen dutse, sai ga ni zaune daɓas cikin kwarmin wankan, ruwan sama har ƙirji. Rumawa sun rufe wurin wankan nan tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, ni na zo daga Tasawa na sake buɗe shi.

Aka jawo ni, farar shadda ta manne a jiki, haƙora suna kaɗawa. Rigar da na ƙi karɓa tana can gida. Yaya ya fara cire tasa, na ce wallahi ba za a yi haka ba, babban suruki ya tuɓe saboda ni. Sai Anti Zara ta tuna tana da wata a bayan mota: doguwa, ruwan hoda, da gashi-gashi a wuya. Na sa. Hadiza ta naɗe mini kai da gyalenta, aka dasa ni a kujerar baya kusa da ita.

A daidai nan wayarta ta yi ƙara. Inna ce, mahaifiyarsu, daga Mayahi, kiran bidiyo. Ta gaisa da ɗanta, ta gaisa da Anti Zara, sannan ta matso da ido.

"Wace ce wagga kusa da ke? Sannu baiwar Allah, zazzaɓi ne? Hadiza, shi ina mijin naki?"

Ina ganin kafaɗun Yaya suna rawa a kan sitiyari. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma suruka ta yi gaisuwa, ba a ƙin amsawa. Na sunkuyar da kai cikin gyale, na ce da muryata ta gardi, "Ina wuni, Inna."

Inna ta yi salati. Daga nan ba mu ƙara ganin fuskarta ba sai rufin ɗaki, muna dai jiyo matan gidan suna tambaya mene ne, sannan dariya ta ɓarke kamar gidan biki.

Na ɗauka wannan ne ƙarshen kunyata. A hanyar komawa Hadiza ta roƙi Yaya ya tsaya. Ta fita ita kaɗai, ta jingina da katangar bakin ruwa, tana kallon tekun da ba halin sauka gare shi. Da ta dawo ba ta yi faɗa ba, ta dai ce a hankali, "Baban Rabi, yanzu mi zan nuna ma yara?" Wallahi wannan ta fi rigar hoda yi mini ciwo, don har lokacin kaina kawai nake tausayi.

Da Agusta ta zagayo, ni da kaina na kira Yaya Mamman, na tambaye shi yanayin garinsu, na kuma yi shiru har ya gama. Na raka Hadiza tasha ta kama hanyar Yamai don hawa jirgi, na dawo na ɗauki hauya da tukunyar tuwon yara. Ina tsakiyar gona hoton ya shigo: ita ce cikin ruwa har idon sawu, shuɗi kamar allinta, tana dariya. Tun daga ranar na gane kowane gari da daminarsa, kuma in mai gari ya ce ana ruwa, baƙo ba ya musu, rigar da aka miƙo masa yake karɓa.