Harafi Ɗaya a Wayar Kakata

Ranar da na karɓi wayar kakata a Rijiyar Lemo, ji nake duk Fagge babu wanda ya kai ni sanin waya. 'Yan damfara sun dame ta da saƙonni, sai na ce zan sa mata DNS mai tacewa, wanda ke hana waya buɗe shafukan banza. Na rubuta adireshin da ka, ko dubawa ban yi ba.

"Hajiya, daga yau babu abin da zai shigo," na ce.

Ban yi ƙarya ba. Kwana uku ba abin da ya shigo, har bidiyon sunan tattaɓa-kunnenta da take ta jira daga Maiduguri. Na dage laifin kamfanin layi ne, na kai Hajiya da wayarta Sabon Gari a canza sim. Mai gyara ya duba, ya ce, "Wa ya rubuta wannan? Harafi ɗaya ya tsallake."

Hajiya ta nuna ni da sandarta.

Har yau in na yi sallama sai ta ce, "Jama'a, ku ɓoye wayoyinku, mijina injiniya ya iso."