Rasuwar Delu, Kukumar da Mannir Ya Gasa a Kan Janareta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ban ga dalilin ɓoye shi ba, ni Arzika Mai Kukuma, mutumin Kwatarkwashi mazaunin Gusau, nake sanar da dangi da abokan arziki da masu sauraro cewa Delu ta rasu. Ba tsufa ya kashe ta ba. Mannir ɗan ƙanwata Bara'atu, mai situdiyon ɗaukar waƙa a Tudun Wada, shi ya kashe ta da gaggawa da rainin aikin manya. Na faɗi sunansa tun a farko don kada wani ya wahalar da kansa da tambaya a wurin zaman makoki.

Wanda bai san Delu ba, kukumata ce. Malamai su yi mini haƙuri da kalmar rasuwa. Na san ƙwarya ce da fata da sanda, na san ba ta da rai, ba ta da hisabi. Amma na nemi wata kalmar da za ta ɗauki abin da ke ƙirjina ban samu ba.

An haifi marigayiya a Kwatarkwashi, a gidan marigayi Jatau, wanda a zamaninsa babu mai haɗa kukuma kamarsa tsakanin Bungudu da Tsafe. Duman da aka fafe aka yi cikinta a kan dangar gidansa ya nuna. Fatar guza ce a fuskarta, guzan kuwa cikin duwatsun bayan gari aka kamo shi. Tsirkiyarta gashin wutsiyar doki ne. Jatau ya sa mata suna Delu domin ta zo bayan maza, ya yi kalangai uku a jere kafin ya yi ta. Ranar da ya miƙo mini ita, abu ɗaya ya ce: "Arzika, wagga ba ta son hanzari. In kay yi mata hanzari, ta bar ka." Ina saurayi a lokacin. Yanzu gemuna ya yi fari, Jatau yana ƙasa, kuma bai bar magaji a sana'ar ba.

Halinta sananne ne. Ba ta taɓa kwana a gidan giya ba. Ba ta taɓa yabon ɓarawo don ya sa babbar riga ba. A kasuwar Tsafe wani mai awon hatsi, wanda kowa ya san ya bubbuge gindin mudunsa ya shige ciki, ya tare mu ya ce a wasa shi. Muka tsaya a gaban rumfarsa muka yi waƙar mudu har mata suka daina ciniki suka kewaye mu. Bai sake neman a wasa shi ba. A gayyar noma kuwa, a gonakin Bungudu, idan rana ta take, majiya ƙarfi suka fara jingina da ƙotar fartanya, sai ta ɗaga murya. Kowa ya san abin da take faɗi: "Raggo, tashi! Raggo, tashi!" Na sha ganin dattijo ya tofa yawu a hannu ya koma kunya saboda ita.

Da safe muryarta a dushe take fitowa, ƙirr, ƙirr, kamar tsohuwa mai gyaran murya kafin ta gaishe ka. Sai an shafa wa bakan da ake goga ta da shi ƙaro, an lallaɓa ta, sannan ta saki. Idan ta saki kuwa, akwai wani kuka da take yi can ƙasa-ƙasa, iiiyaa, mai ɗan rawa a ƙarshensa. Ban koya mata shi ba. Da shi ta zo.

A 'yan shekarun nan aiki ya ja baya, kowa ya san dalili. Hanya ta lalace, gayya ta mutu, ƙauyukan da muke kwana muna biki sun watse, mutanensu sun cika kangaye da gidajen dangi a Gusau. A cikinsu Delu ta sami aikinta na ƙarshe, wanda ya fi duk na baya. Muka haɗa Waƙar Garuruwa. Ina kiran sunan ƙauye, in faɗi rijiyarsa da itacen da ke bakin masallacinsa da wanda ya sari garin, ita kuma ta amsa da taken wurin, wanda ake yi musu a biki tun kakanni. Kowane ƙauye da nasa. Na ga Inna Sa'adiya, tsohuwar Tungar Marke, wadda ta binne miji da ɗa ba a ga hawayenta ba, ta ji taken garinsu ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale.

Wannan waƙar ce na so a ɗauka, domin yaran da aka haifa a gudun hijira su ji taken garin ubanninsu daga bakin da ya san shi. Ni ba ni da ubangida, ba ni da kamfani. Da ni da Sani mai kalangu da Bawa ɗan amshi, mu ke nan. Shi ya sa na je wurin Mannir. Na ce ɗana ne, a gidana ya yi wayo, ya san darajarta.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Damina ce, kuma duk mai kukuma ya san damina ba ta yi wa fata daɗi. Sanyi yana shiga, fata ta saki, murya ta toshe kamar mai mura. Maganin ba ɓoyayye ba ne. Garwashi ake samu a kasko, a riƙe ta nesa-nesa, ana juyawa, tafin hannunka yana tsakaninta da wutar. Zafin da hannunka ba zai jure ba, ita ma ba za ta jure ba. Aikin yana cin lokaci, kuma ba shi da gajeriyar hanya.

Ranar mun isa situdiyo bayan an sha ruwa tun safe. Aka ɗauke wuta, Mannir ya tayar da janareta a bayan shago. Muka gwada, Mannir yana ɗauka, na yi baiti biyu, Delu ta amsa a dushe. Na ce a dakata. Na aiki Bawa wurin mai shayi ya samo garwashi, aka kira la'asar, na rataye ta a ƙusa na tafi masallaci. Na bar Sani yana ɗaure kalangunsa.

Ashe akwai wasu samari masu waƙar fiyano a benci suna jiran mu gama, suna duba waya suna tsaki. Mannir ya ga garwashi zai ɓata masa lokaci. Ya sauke Delu daga ƙusa, ya zagaya baya, ya kifa fuskarta a kan salansar janareta, ƙarfen nan mai fitar da hayaƙi, ya dawo ya ci gaba da danne-dannensa. Sani ya ce shi dai ya ji ɗas, kamar an fasa goruba, sai ƙaurin gashi ya cika shagon. Wannan ɗas ɗin ita ce maganarta ta ƙarshe, kuma ba na wurin.

Da na dawo na tarar da ita a kan tebur. Fata ta tsage ta nannaɗe, tsirkiya ta ƙone, ƙwarya ta dare tun daga baki har gindi. Na tambayi wanda ya yi. Mannir ya sosa ƙeya ya ce, "Kawu, ni gyara nika son yi. Zahi ai zahi na, ko na garwashi ko na inji."

Na ce, "Ka sa hannunka tsakani?"

Ya ce, "Wa ka sa hannu ga salansa, Kawu? Ai sai ya ƙone."

Na ce, "To."

Da a nan ya tsaya, da na haɗiye. Kuskure ɗan Adam ne ke yin sa, wauta kuma ba a kai ta gaban alƙali. Amma ina naɗe gawar a rawanina ya biyo ni bakin ƙofa yana cewa, "Kak ka damu, Kawu, akwai irin kukanta cikin fiyano, dannawa ɗai za ni yi." Na ce masa kada ya kuskura. Na faɗa a gaban Sani da Bawa da samarin benci.

Ya kuskura. Ya ɗauki baitin nan biyu da na yi na gwaji, ya goge muryar Delu ta rashin lafiya, wadda ita kaɗai ce aka taɓa ɗauka a tsanake, ya liƙa kukan fiyano a gurbinta, ya ƙara ganga irin ta gidan gala, ya watsa a wayoyi da sunana da nata. Ban sani ba sai da Inna Sa'adiya ta tako da sandarta har ƙofar gidana. Ta ce, "Malam Arzika, mi ya samu Delu? Na jiya ta ga wayar jikana, kamar an sa mata haƙoran roba. Kuma wanga take ba na garinmu ba na." Jikan nata kuwa har ya hardace shi, yana bin sa da baki, yana zaton na garin kakansa ne. Kisan zan iya jure shi. Ƙarya a bakin mamaci ce ba zan jure ba.

Uwarsa Bara'atu ta zo ba da haƙuri. Ta ce, "Yaya, ƙwarya ta hwa, ba mutum ba." Na ce na sani. Na ce ta je ta gaya wa Inna Sa'adiya haka.

Marigayiya ta bar bakanta, wanda suka yi zaman aure tun ranar farko, yanzu yana rataye ba shi da abin gogawa. Ta bar guntun ƙaro. Ta bar jakinta, ɗan icen nan da tsirkiya ke hawa, shi kaɗai ya fita daga wutar lafiya, Sani ya tsinto shi a cikin baƙin mai. Ta bar kalangun Sani, wanda tun ranar in an buga shi sai ya yi kamar mai tambaya babu mai amsawa. Ta bar uwargidana Shafa'atu, wadda ke shanya ta a hantsi in na yi nisa, wadda har yau ba ta yarda a cire ƙusar da ke ɗakina ba. Ta bar ƙauyuka da yawa waɗanda takensu yana cikin yatsuna, amma yatsa ba ya kuka shi kaɗai. An ce akwai mai haɗa kukuma a wajen Katsina. Zan je. Zai ba ni kukuma, ba zai ba ni Delu ba.

Za a kai ta Kwatarkwashi ranar Asabar da hantsi, in hanya ta yi kyau, a binne ta a gindin dangar gidan Jatau, inda dumanta ya fito. Ba za a yi mata salla ba, na san addinina. Ba za a yi kiɗa ba. Zan karɓi gaisuwa a ƙofar gidana bayan mun dawo. Kada kowa ya kawo hatsi ko goro. Wanda ya taɓa ɗaukar ta a wayarsa a wurin biki ko suna, ko da guɗar mata ta rufe rabin muryar, ya kawo mini, ita ce sadakar da nake so. Wanda kuma yake da wancan abin na Mannir, ya goge shi kafin ya miƙo mini hannu.

Game da Mannir. A gidanmu, duk namijin da zai yi aure, ni nake tsayawa a ƙofar gida in kira shi da waƙar zuri'a, daga kakanmu na farko har kansa, kafin a shigo da amarya. An sa aurensa bayan kaka. Ban yanke zumunci ba, domin haramun ne. Zan je ɗaurin aure, in shafa fatiha, in dawo gida. Ba zan kira shi ba. Na cire sunansa daga waƙar. Daga Bara'atu zan tsallaka zuwa ƙannensa.