Yaƙin Nomau da Maƙiyin Cikin Bututu

Godiya ta tabbata ga Allah da ya saukar da ruwa bisa awo, tsira da aminci ga Shugaban talikai.

Bayan haka, wannan tarihin Nomau ne ɗan Cindo ɗan Barau, tsatson mahaƙa rijiya, dagi mai fasa marmara, giwa mai sha da guga, wanda ƙaddara ta naɗa shi sarkin wurin ninƙaya na wani otal a Gusau alhali bai iya iyo ba.

A shekarar da ruwan ya yi kore kamar miyar kuka, injin tura ruwa yana nishi, bututu yana tsiyaya kamar kyautar marowaci, manaja Hajiya Kulu ta yanke hukunci: "Baba Nomau, wani abu yana tare ruwan nan. Ka auna, ka gano shi kafin baƙin Asabar, ko ka miƙa makulli."

Sai gwarzo ya yi alwala, ya rataya sifana, ya ɗauki bokiti da agogo, ya yi kirari: "Ni ne na Cindo! Ruwa bai taɓa gagarar gidanmu ba!" Kwana uku yana ɗauki-ba-daɗi, yana kwance mahaɗa bayan mahaɗa, yana ƙidaya daƙiƙun cikar bokiti, yana hararar allurar ma'aunin matsi, har hujjoji suka yi ittifaƙi cewa maƙiyi ya yi sansani a bakin bututun zuƙa. Ya shiga ruwa har ƙugu, hannu ɗaya maƙale da tsani, bakinsa cike da lahaula, ya fizgo abokin gaba.

Ashe kallabi ne. Kakarsa Delu ta yi masa wasiyya kada ya bar ruwa ya wuce ba a tace da ƙyalle ba, don tsoron kurkunu. Shi ya ɗaura shi da hannunsa, ya manta.

Hajiya Kulu ta ce, "Me ka tarar?"

"Ranki ya daɗe, aikin maƙiya ne."

Tambai mai shara ta leƙo: "Maƙiya masu ɗaurin guga irin naka? Ba ni kallabina, tsoho, wata biyu ina cigiya!"

Ruwa ya gudana, makulli ya tsira, girma ya nutse.

Allah ya jiƙan Delu da mahaƙan da suka gabata, ya sanyaya makwancinsu. Mai karatu kuwa, Allah ya tsare shi daga maƙiyin da ya ɗaura da hannunsa. Amin.