Wankin Ciki na Jamaika

Wani ne, mutumin Kano, yana aikin lodin kargo a wani sito a unguwar Al Qusais ta Dubai. Shekara uku yana ɗirkar biriyani da shayin madara, har tumbinsa ya riga shi shiga ɗaki. Yana neman auren wata yarinya a gida, Nana Firdausi. Sai aka bugo masa cewa uwarta, Hajiya Ramlat, ta shigo Dubai sarin abaya, ranar Lahadi za ta biyo ta kawo masa saƙon tsohuwarsa. Kowa ya san ba saƙo ne zai kawo ta ba. Zuwa za ta yi ta ga wanda za a ba 'yarta.

Ya dubi tumbi, hankalinsa ya tashi.

A siton akwai wani ɗan Jamaika mai tuƙa motar ɗaga kaya, siriri kamar sanda. Mutumin ya tambaye shi sirrin. Ya ce su a garinsu, da zarar zafi ya wuce za a koma makaranta, kowa sai an yi masa wankin ciki, yaro da babba. Washegari ya kawo masa ƙulli uku: wani ganye mai ɗaci da ya kira sarasi, wasu ganye sirara, da wani jan fure. Ya ja masa kunne. Ɗan tsunkule kawai, ƙaramin kofi ɗaya, a hankali har kwana tara. Siraran ganyen kuwa sau ɗaya tak, ranar da ba ya zuwa ko'ina.

Mutumin ya yi lissafi. Hajiya jibi za ta zo, ina shi ina kwana tara? Kuma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin magani a kofin shayi ba. Magani a tukunya ake dafa shi, a sha a ƙoshi.

Ranar Lahadi da safe ya juye ƙullin uku a tukunyar shinkafa, ya tafasa, ya tace, ya sha kofin silba biyu. Sauran ya ɗura a gorar ruwa ya sa a firij. Su takwas ne a falat ɗin, banɗaki ɗaya, kuma dokarsu abin da ya shiga firij na kowa ne. Issifu, wani ɗan Zangon Kumasi, ya ga abu ja ya yi sanyi, ya ce yau an tuna da su da zoɓo. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya zuba sukari. Mutumin ya ce daga Jamaika yake. Da jin haka kowa ya miƙo kofi.

Har azahar shiru. Mutumin ya ce ashe maganin Jamaika ma rago ne, ya ƙara kofi ɗaya.

Ana idar da la'asar Hajiya ta yi sallama. Ya shimfiɗa mata darduma, ya koma bakin ƙofa ya durƙusa, kai a ƙasa, yadda ake gaida surukai. Durƙuson nan shi ya tayar da abin. Cikinsa ya yi wata ƙara kamar an ja kwantena a kan siminti.

"Ina wuni, Hajiya."

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Da godiya."

"Ya zafin garin?"

Bai amsa zafin garin ba. Ya miƙe a guje. Ya tarar da mutum biyar a layin banɗaki, kowa ya riƙe ciki, Issifu yana dukan ƙofa yana cewa, "Yalla habibi, khalas, gama mana, akwai mutane!" Da roƙo da magiya aka bar shi ya shiga.

Ya dawo yana gumi. To ba a ɗaukar gaisuwar surukai daga tsakiya, sai ya sake durƙusawa ya faro daga ina wuni. Hajiya ta amsa. Wannan karon sun kai har ya mutanen gida, ya sake zabura. Ya dawo, ina wuni. Sau huɗu yana yi mata ina wuni, ba su taɓa kaiwa madalla ba.

A na biyar Hajiya ta tashi da kanta ta leƙa kicin. Ta buɗe tukunya, ta tsamo ganyen, ta shinshina. Ta dawo ta kwance ledar da tsohuwarsa ta ba ta. Ga kilishi, ga yaji, ga ƙulli uku. Ta jera su kusa da na tukunya.

Da ya fito yana bin bango, ta nuna masa. Ta ce wannan ɗan'uwan garafuni ne, irin wanda ke bin dangar gidansu. Wannan filasko ne. Wannan kuwa ko akuya ta san zoɓo ne. Duk shekara uwarsa tana aiko masa da su, yana cewa kayan ƙauye ne.

"A'a Hajiya, wannan na Jamaika ne. Ta jirgi ya zo."

"Na uwarka da ƙafa ya zo?"

Ya buɗe baki zai kare Jamaika, cikin ya sake kira. Ya ture Issifu, ya faɗa banɗaki, ya danna sakata. Yana ciki ya ji Hajiya tana saka takalmi. Ya ga aure zai fita ƙofa bai ji matsayinsa ba. Kunyar surukai ta gudu, ya ɗaga murya daga inda yake tsugune.

"Hajiya, don Allah me za ki ce wa Nana Firdausi?"

Hajiya ta gyara mayafinta.

"Zan ce mata cikin ya wanku tas. Saura kan, shi kuwa ko a Jamaika ba su da ganyensa."