Ni da Taraktar Yaya Habu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi dambe da injin yankan ciyawa ba, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Yayan matata, Yaya Habu, ya sayi gida a Staten Island, irin mai fili a baya. A garejin gidan ya tarar da wata tsohuwar ƙaramar tarakta ta yankan ciyawa, wadda ake hawa a tuƙa. Washegari sunan jaririnsa, a filin za a yi taro, ga ciyawa ta kusa gwiwa. Ita kuwa taraktar, ka murɗa sitiyari, tayoyin gaba su juya, amma ta miƙe abinta kamar ba da ita ake ba.

Ya ce zai kira mai gyara. Bakina ya ja min.

"Haba Yaya, ni da nake tuƙa tasi a garin nan shekara da shekaru? Bar min ita."

"Ka tabbata?" ya ce, da murmushin nan nasa mai ƙona rai. Tun da na auri ƙanwarsa yake min kallon wanda bai iya komai ba sai surutu.

Na buga wa tayoyin gaba iska. Na kwanta a ƙasa na ɗaure ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, giris har cikin kunnena. Na hau, na murɗa, ta nufi katangar maƙwabci kai tsaye. Na zage ta, na zagi wanda ya ƙera ta, na haɗa da wanda ya sayar da gidan. Can sai na gane: gabanta ba nauyi, tayoyin sulɓi kawai suke a kan ɗanyar ciyawa. (Wannan gaskiya ne, duk wanda ya san inji zai shaide ni.) Na duba garejin, babu bulo, babu dutse, sai buhun shinkafar suna.

Matata ta leƙo ta taga. "Baban Amira, shinkafar gobe ce fa."

"Aro na yi, ba cinyewa zan yi ba."

Na ɗaure buhun a gaban taraktar da igiyar shanya. Kuma wallahi ta yi kwana, lafiya lau. Da na tsaya nan, da yanzu labarin daban ne. Amma surukata Hajiya, wadda ta zo daga Kano don haihuwar, ta fito da ƙawayenta na unguwar Harlem suka zauna a inuwa suna yankan albasa. Ga Yaya Habu a tsaye, waya a hannu. Na ce yau zai san da wanda yake magana. Na ƙara wuta, na zo daidai gabansu, na murɗe sitiyari gaba ɗaya.

Igiyar ta zame. Buhun ya faɗo, taraktar ta haye shi, wuƙar yankan ta kama shi. Bakin da ke fitar da ciyawa kuwa matan yake kallo. Shinkafa ta yi ta feshi a kansu kamar ruwan ƙanƙara, suna kare fuska da tire da murfin tukunya, har injin ya yi tari ya mutu.

Hajiya ta kakkaɓe mayafinta, ta tsince shinkafa daga ɗankwali, ta dube ni.

"Sannu da aiki, ɗana. Ba ka dai ji ciwo ba ko?"

Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Ashe Yaya Habu bidiyo yake ɗauka da wayarsa. Kafin in isa kanti a unguwar Tompkinsville sayo wani buhun, bidiyon ya kai Kano, ƙanina har ya kira yana tambaya ko noman shinkafa na koma.

A kan ciyawa rabi a yanke aka yi sunan, tattabarun unguwa sun fi baƙi yawa. Kowa ya zo gaishe ni sai ya danne dariya, ni kuwa ina ta cika ina batsewa a bakin kujera.

Yanzu idan abu ya lalace a gidan surukai, ko ƙwan fitila ne, hannuwana a aljihu suke. Jaje kawai nake taya su.