An Zubar da Tafki Don Kare Lafiyarmu

Jama'a, ku taya ni jaje. Tun asuba nake layin famfon unguwa da jarkata, sai da ya rage mutum uku a gabana famfon ya yi tari sau biyu kamar tsohon mashayin taba, ya yi shiru. Wata na huɗu ke nan sama ba ta ɗiga mana ko yawu ba. Maƙwabciyata Lijon, wadda ke jinyar uwarta a ɗaka, ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Kai Tibon, ba kai ne mai gadin ruwan baƙi ba? Me ya kawo ka layin talakawa?" Ta cusa min jarkarta a hammata. "In kana da kunya, kar ka dawo min da ita a bushe."

Gaskiyarta. Shekara tara ina bin jirgin ruwan safe zuwa tsibirin sojojin baƙi, aikina tsame ganye daga tafkin iyonsu. E, tafkin iyo. Taku talatin ne tsakaninsa da teku, da ƙafata na auna. Amma an ce gishirin teku yana sa ido ja, soja mai jan ido kuwa ba zai hango abokin gaba ba. Wane ni in yi musu da masana? Ban da tafkin akwai filin da manya ke bugun 'yar ƙwallo da sanda suna bin ta a mota, ciyawarsa sau biyu take shan ruwa a rana. Ni ban hana soja hutawa ba, ɗan mutane ne, ya baro uwarsa a wata uwa duniya. Ciyawar ce dai nake wa hassada.

Ina isa yau shugabanmu Pruitt ya tare ni yana share gumi. "Tibon, a zubar da ruwan nan kaf. Mai Taurari a Kafaɗa zai kawo ziyara mako mai zuwa, kuma shuɗin ƙasan tafkin ya koɗe. Sabon fenti za a yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a zubar ina?"

Ya nuna teku da haɓa.

Na ce, "Maigida, teku ba ta kawo ƙarar ƙishirwa ba. Ku ba mu mana. Ba sha za mu yi ba, wanki ne da wankan marasa lafiya. Kwale-kwale goma zan tara kafin rana ta take."

Tsakani da Allah mutumin ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya buga waya sama, na sama ya buga wa na samansa. Da tsakar rana amsa ta sauko: akwai magani a ruwan, zai iya sa mana ƙaiƙayi, kuma hukuma ba ta wasa da lafiyar maƙwabtanta. Kun ji ƙauna! Maganin da manya ke kwanciya a ciki har su yi gyangyaɗi, shi ne fatarmu ba za ta ɗauka ba. Ashe 'yan gata ne mu ba mu sani ba.

Da hannuna na murɗa bututun. Ina tsaye ina kallon wankan unguwa guda yana gangarawa wurin kifi, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Na faki ido na cika jarkar Lijon, mai gadin ƙofa ya tuntsurar da ita a gabana, yana ba ni haƙuri yana karanto min doka.

A jirgin dawowa wa zan gani in ba ɗan siyasar nan namu ba, Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda ya ci zaɓe uku da alkawarin injin tace ruwan teku? Ya je karɓar katin gayyata ne, shi zai yanke ƙyallen sabon fenti. Na rusuna na ce, "Allah ya ja zamanin mai yanka, ina labarin injinmu?"

Ya ce, "Yana hanya, Tibon."

Wata tsohuwa mai kwandon kifi ta ce, "Ɗana, a jirgi yake tafe ko iyo yake yi?" Jirgi ya kwashe da dariya, shi kuwa ya duƙufa kan wayarsa, a wurin da kowa ya san waya ba ta kamawa.

Lijon tana bakin gaɓa tana jira. Ta karɓi jarka, ta jijjiga, ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Ta ce da ruwan gishiri za ta wanke tsohuwa, ta ɗauraye mata mikin jikinta da kofi ɗaya na ruwan shansu.

Af, na manta da albishir. An liƙa takarda a ƙofar ma'aikata: an yarje mana mu kalli bikin buɗe tafki ta bayan shingen waya. Sharaɗi ɗaya ne tak, kowa ya zo da wankansa.