Ranar da Himmar Barmo Ta Motsa

A wani daji mai tafki ɗaya tal, laka ta cika tafkin, rani kuma ya ƙarato. Kowa ya san sai an yashe shi, kowa kuma yana jiran ya ga wani ya fara. Gwanki, shugaban majalisar dabbobi, ya kira taro.

Hawainiya Kyallu ta miƙe a hankali, ta ce, "Ranka ya daɗe, cutarmu rashin himma ce, kuma ba a maganin ciwon da ba a sani ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. Kowace safiya kowa ya leƙa fuskarsa a tafki, ya lura da halin da ya tashi da shi, ya zo ya gaya wa kwamiti. Wanda aka tabbatar himmarsa ta motsa, a ba shi izinin yasa."

Aka tafa, aka naɗa ta shugabar kwamitin.

Babu wanda ya riƙi abin da gaske kamar wani gadu mai suna Barmo, wanda duk dajin ba a kai shi haƙa ba. Washegari ya leƙa ruwa ya ga fuskar da Allah ya ba gadu. Kwamiti ma ya duba, ya yanke cewa Barmo yana cikin matsanancin ɓacin rai, aka ce ya je ya huta. Barmo bai san ransa a ɓace yake ba, amma ya gode da aka sanar da shi.

Daga nan ya duƙufa. Ya gano in ya ci saiwa yana jin daɗi, in ya ci da yawa yana jin barci, in ya yi barci yana tashi da yunwa. Matarsa Dije ta ce, "Malam, 'ya'yanka laka suke tsotsa." Ya ce, "Dakata, ina lura da yadda maganarki ta taɓa ni."

Wata safiya ya farka ya ji jikinsa na tsuma, haurensa na ƙaiƙayin ƙasa. Ya tsallake tafkin da ya koma ɗan kududdufi, ya ruga majalisa.

"Ranka ya daɗe, ta motsa. A ba ni izini tun da zafinta."

Gwanki ya ce, "Madalla. Amma gaggawa aikin Shaiɗan ce. Zauna, Jimina na gabanka."

Jimina ta bayyana mafarkinta. Kunkuru ya roƙi a yi masa bitar abin da aka faɗa kafin ya iso. Aka yi gardama ko hamma alamar gajiya ce ko ta zurfin tunani. Rana ta karkata kafin Kyallu ta juyo da ido ɗaya ta ce, "To Barmo, yaya himmar?"

Barmo ya saurari cikinsa, ya ce, "Gaskiya ta ɗan kwanta."

"Ka ga amfanin bincike. Da mun bar ka ka fara, da yanzu ka tsaya a tsakiya."

Barmo ya jinjina kai, ya ga lallai an cece shi.

Kafin wata ya mutu tafkin ya tsattsage, dabbobi suka ɗauki 'ya'yansu suka nufi wani kogi mai nisa, Barmo na biye yana nazarin ƙishirwarsa. A hanya majalisa ta ƙara wa Kyallu girma, domin tun da ruwan ya ƙafe ba a sake ganin ɓacin rai a fuskar kowa ba.